Hayaƙi Mai Ƙanshi da Alhakin Mai Sayarwa

A watan Janairu na shekara ta 2022 garin Garwa ya cika da baƙi, gama a filin wasa na Rumde Ajiya aka buga waɗansu wasannin cin Kofin Afirka, har ƙungiyar Nijeriya ma a can ta sauka. Masu abinci da masu masauki da masu wuraren hira duk sun ga ciniki. Da watan Maris ya kama, sai labari ya zo daga Yawunde cewa gwamnatin Kamaru ta hana sayar da shisha da shanta, saboda lafiyar matasa. Duk wanda ya zuba jarinsa a kan tukwanen shisha da gawayi da taba mai ƙanshi, ya kwana yana ɗan kasuwa, ya wayi gari yana mai karya doka.

Kafin ƙurar shisha ta kwanta, ga ƙanenta ya taso, wato sigarin lantarki. Ya riga ya shiga manyan biranen Afirka, abin da ya sauka a tashar jirgin ruwa ta Duwala kuwa ba ya daɗewa bai kai Ngaundare da Garwa da Marwa ba. Ƙasashe da yawa sun kafa masa dokoki. Saboda haka ya kamata mai karatu ya yi tunani a kan tambayoyi biyu tun da wuri. Ta fari, sa'ad da hukuma ta hana wani abu da yake ciyar da mai sayarwa amma yana cutar mai saye, wa yake da gaskiya? Ta biyu, inda doka ta yi shiru, ko kuwa hannunta bai kai ba, mai sayarwa ya kuɓuta daga alhaki ke nan?

Mene ne sigarin lantarki?

Wani mai harhaɗa magunguna a ƙasar Sin, sunansa Hon Lik, shi ne ya ƙera irin wanda ake sayarwa yanzu, a shekara ta 2003. Shi kansa mashayin sigari ne ƙwarai, ciwon dajin huhu kuma shi ya kashe mahaifinsa. Nufinsa ya sami hanyar biyan ƙishin taba ba tare da ƙona ganye ba. A 2004 aka fara sayar da abin a kasuwa.

Aikinsa ba shi da wuyar ganewa. Akwai batir ƙarami a ciki, da ɗan siririn waya mai ɗaukar zafi, da wani ruwa. In mutum ya zuƙa, wayar ta yi zafi, ruwan ya zama tururi, ya shiga huhu. A cikin ruwan akwai nikotin, wato sinadarin nan na taba mai kama jiki har mutum ya kāsa bari. Ana kuma zuba masa ƙanshin mangwaro, ko kankana, ko na'ana'a, ko alewa. Akwai wanda ake ƙara wa ruwa a yi ta amfani da shi. Akwai kuma na yarwa, mai launi kamar abin wasan yara, wanda in ya ƙare sai a jefar da shi duk da batirinsa.

Da yake ba a ƙona kome, ba ya fitar da baƙar dauɗan nan mai kama da kwalta da sigari yake bari a huhu. Likitoci da yawa suna cewa cutarsa ba ta kai ta sigari ba. Amma dukansu sun yarda yana da tasa cuta, kuma wanda bai taɓa shan taba ba, ba shi da wani amfani da zai samu a wurinsa.

Abin da gwamnatoci suka yi

Kamaru ta daɗe tana taɓa sha'anin taba. A 2006 ta shiga yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaƙi da taba, a watan Disamba na shekarar kuma dokar talla ta hana tallar sigari a rediyo da talabijin da jaridu da allunan kan hanya. A watan Janairu 2018 ministan lafiya da na ciniki suka sa hannu a kan umarni cewa hotunan gargaɗi su rufe kashi 70 cikin 100 na fuskar kwalin sigari, aka fara aiki da shi a 2019. Sa'an nan maganar shisha ta biyo a 2022. A ƙetaren iyaka, dokar Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara.

A kan sigarin lantarki kuwa kowace ƙasa ta bi tata hanya. Indiya ta hana shi ɗungum a 2019. Ostireliya, tun daga Yuli 2024, ta ce sai a kantin magani kaɗai za a same shi. Beljiyam da Faransa sun hana na yarwa a farkon 2025, Ingila ta bi su ran 1 ga Yuni 2025. Amma wannan Ingila ɗin ce a 2023 ta ba da sanarwar za ta raba wa manyan mashaya miliyan 1 sigarin lantarki kyauta, domin su rabu da sigari. A watan Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashe 34 sun hana sayar da shi, 88 ba su tsai da shekarun mai saye ba, 74 kuma ba su da wata doka a kansa sam.

Wannan rarrabuwa tana nuna cewa maganar ba ta da sauƙi. Mutum uku ne suke tsaye a gaban doka, kowa da nasa hali: mai kanti, da babban mashayi, da yaro.

Kukan mai kanti

Mai kanti yakan ce, “Ban yi sata ba, ban tilasta wa kowa ba. Na sayi kaya da kuɗina, na biya haraji. Da wannan riba nake biyan kuɗin makaranta da na haya. Don me za a rufe mini ƙofa, ga sigari a kan kowane tebur ba wanda ya taɓa shi?”

Ba daidai ba ne a toshe kunne ga wannan kuka, gama akwai gaskiya a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara, kuma takan kashe har rabin waɗanda suka ƙi barinta. Duk da haka sigari halal ne a kasuwa, gwamnatoci kuma suna karɓar haraji a kansa. In an hana ƙaramin maciji aka bar babba yana yawo, dole mutane su tambayi dalili.

Akwai kuma batun bambanci tsakanin babba da ƙarami. A watan Satumba 2014 gwamnatin Kamaru ta hana wuskin leda, ta ba masu masana'antu wa'adin shekara 2 su sauya. Wa'adin ya cika, aka ƙara, aka sāke ƙarawa. Mai masana'anta yana da bakin da zai kai ofis ya roƙi lokaci. Mai kanti ɗaya a Yelwa ko Pumpumre ba shi da wannan baki, sai dai ya ga an kwashe kayansa. Dokar da take jiran mai ƙarfi, ta kuwa auka wa marar ƙarfi ba shiri, tana koya wa talaka raina doka.

Ana iya yin abin da ya fi haka. Da Mali ta hana shisha a watan Agusta 2022, ta ba 'yan kasuwa wata 6 su kawar da kayansu. Ingila ta faɗi nufinta fiye da shekara guda kafin ranar hani. Ba da wa'adi bai rage wa doka ƙarfi ba, ya dai nuna hukuma ta tuna cewa akwai iyali a bayan kowane kanti. Wannan hakkin mai kanti ne, ya kamata a ba shi.

Kukan mai sha

A ɗauki misalin direban babbar mota mai ɗauko auduga daga ƙauyuka zuwa masana'antar SODECOTON a Garwa. Ya fara sigari yana saurayi, yau ya ba shekara 40 baya, yana shan kwali guda a yini, tari ya fara damunsa da asuba. Ya yi ƙoƙarin bari sau da yawa bai iya ba. In irin wannan mutum ya koma sigarin lantarki ya rabu da sigari gaba ɗaya, ya rage wa kansa cuta. In aka hana shi, ƙishin nikotin ba zai bi doka ya tafi ba. Ko dai ya koma sigari, ko ya nemi abin ta bayan fage.

Mutanen Garwa ba sa bukatar a yi musu bayanin kasuwar bayan fage. Man fetur ɗin nan da ake kira zuwa-zuwa ya yi shekaru yana ƙetaro iyaka daga Nijeriya, ana sayar da shi a kwalabe a bakin hanya. Tramol magani ne da bai kamata a ba kowa ba sai da takardar likita, amma kowa ya san yadda ya ɓata samari a arewa. An hana siririyar leda tun Afrilu 2014, iska kuwa ba ta daina rataye ta a ƙayoyi ba. Iyakar tana da tsawo, kogin Binuwai yana da mashigai da yawa, ma'aikatan kwastan ba za su iya tsare kowace hanyar babur ba.

Kayan ɓoye kuma sun fi haɗari, domin ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki. A Amurka, daga 2019 zuwa farkon 2020, an kwantar da mutum wajen 2,800 a asibiti da ciwon huhu, 68 suka mutu. Da aka bincika, sai aka tarar yawancinsu sun zuƙi ruwan wiwi ne da aka gauraya da wani mai, wanda suka saya a hannun 'yan bayan fage. Saboda haka hukumar da za ta yi hani sai ta auna ko tana da ƙarfin tsare shi, ta kuma tanadi taimako a asibitoci domin masu son bari. Hana mutum abin da ya kama jikinsa ba tare da nuna masa mafita ba, rabin aiki ne.

Wanda ba a jin muryarsa

Mai kanti yana da baki, babban mashayi ma yana da baki. Na uku shi ne yaro ɗan shekara 13 ko 14, wanda ba a kiransa wurin shawara. A watan Oktoba 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 100 ne suke shan sigarin lantarki a duniya, a cikinsu akwai yara aƙalla miliyan 15 masu shekara 13 zuwa 15.

Dukan hujjar mai kanti tana tsaye a kan kalma ɗaya, wato zaɓi. “Shi ya zo da ƙafarsa,” in ji shi. Amma zaɓi yana bukatar sani, yana kuma bukatar ikon juyawa. Yaro bai san abin da yake saye ba. Abin da ya gani launi ne, abin da ya ji ƙanshin mangwaro ne, ba ɗaci, ba warin da uwa za ta ji a rigarsa. Ƙwaƙwalwar ɗan adam ba ta gama girma sai wajen shekara 25, nikotin kuma ya fi saurin kama wadda ba ta nuna ba. Zuƙar fari ce kaɗai zaɓinsa. Bayan 'yan watanni, jiki ne yake aikensa kanti, ko yana so ko ba ya so.

A nan ne cinikin nikotin ya bambanta da sauran ciniki. Mai gero yana cin riba domin mutane suna jin yunwa, amma ba shi ya sa musu yunwar ba, geron kuma yana kashe ta. Nikotin kuwa shi yake haifar da ƙishin, sa'an nan ya sayar da kansa a matsayin magani. Wanda ya sa wa yaro wannan ƙishi ya sami mai saye na shekara 30 ko 40. Direban da aka ambata ɗazu ba ya bukatar ƙanshin alewa ko launin abin wasa domin ya bar sigari. Mai karatu ya tambayi kansa, to, domin wa aka yi su?

Saboda haka, a kan batun yaro, hukuma tana da cikakkiyar gaskiya. Hana sayar wa yara, da hana tallar da take jawo su, da hana sayarwa a ƙofar makaranta, ba zalunci ba ne ga kowane ɗan kasuwa. Ba wanda yake da hakkin cin abinci daga huhun ɗan wani. In riba ta ragu saboda wannan, ribar da ba ta halatta ba ce tun farko.

Inda hannun doka bai kai ba

Amma doka tana da iyaka. An buga hoton gargaɗi a kan kwali, yaron da ya sayi kara ɗaya a wurin mai tebur kuwa bai taɓa riƙe kwalin ba. A Turai mai kanti yakan nemi katin shaida ya ga shekarun mai saye. A arewacin Kamaru yara da yawa ba su da ko takardar haihuwa. Jandarma ba zai kwana a kowane lungu ba. Wanda ya rubuta doka a Yawunde bai san yaran Jambutu ba.

Mai kantin unguwa kuwa ya san su. Ya san ranar da aka raɗa wa yaron suna, ya san ubansa, ya san ajin da yake. Ba ya bukatar takarda. Ga shi yaro ya zo da yamma da kuɗi a dunƙule a hannu, ya ce, “Baba, a ba ni na mangwaro guda.”

Mai kanti ya dube shi, ya ce, “Ɗana, wa ya aiko ka?”

“Yayana ne, Baba.”

“To, je ka ce wa yayan naka ya zo da kansa. Kai kuma ka gai da mahaifinka, ka ce masa zan leƙo bayan an tashi kasuwa.”

Wannan 'yar magana ta yi abin da jandarmomi goma ba za su yi ba. Ta hana ciniki, ta kuma sanar da yaron cewa akwai ido a kansa. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. In haka ne, kowane mai sayarwa uba ne a lokacin da yaro ya tsaya a gaban teburinsa, ko doka ta faɗa ko ba ta faɗa ba.

Wani zai ce, “In ban sayar ba, maƙwabcina zai sayar. Yaron zai sha, ni kuwa na yi hasara a banza.” Wannan uzuri tsoho ne, tun zamanin Kayinu mutane suke neman hanyar zame wa alhakin ɗan'uwa. Mai yiwuwa ne maƙwabcin ya sayar. Amma ba za a tambayi mutum abin da hannun maƙwabcinsa ya miƙa ba, nasa za a tambaye shi. Ban da haka, ƙin mutum ɗaya ba banza ba ne. Yaron da aka kora daga kanti ɗaya ya koyi cewa abin nan abin kunya ne. In kanti uku a layi suka haɗa baki, na huɗu zai ji nauyin idon unguwa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ba a ɓoye wa kowa cewa wannan hali yana da tsada. Mai kantin da ya ƙi kuɗin yara zai ga cinikinsa ya ragu, wanda ya bar sana'ar gaba ɗaya kuma zai sha wuya kafin ya kafu a wata. A nan ne jama'a take da nata rabo. Ikkilisiya ko unguwar da ta gaya wa mutum ya bar cinikin da yake ci da shi, sa'an nan ta juya masa baya, ta ɗora masa kayan da ita ba ta taɓa ba. Ƙungiyar mata da ta maza suna da adashi. Ana iya ba irin wannan mutum kwasar fari, ya sayi sabulu da sukari da man gyaɗa, 'yan'uwa kuma su riƙa saye a wurinsa ko da kantinsa ya fi nisa. Ya fi kyau ya kawo baiko kaɗan daga ciniki mai tsabta, da ya kawo mai yawa wanda 'ya'yan masu zama kusa da shi a benci suka biya da lafiyarsu.

Iyaye ma ba su fita ba. Uban da yake aiken ɗansa sayen sigari kowace safiya ya riga ya nuna masa hanyar kanti, ya kuma ba shi ƙaryar da zai yi gobe, cewa aiko shi aka yi. Babban da bai iya bari ba tukuna, aƙalla ya tafi da ƙafarsa, kada kuma ya busa hayaƙi a ɗakin da yara suke kwana. Wanda yake fama ya bari kuwa, abin da ya dace da shi haƙuri ne da ƙarfafawa. Gori bai taɓa raba kowa da taba ba.

Abin da ya rage

Kakanni sun san taba gari da lofe. Bayansu sigari ya zo, sai shisha, yanzu ga na lantarki, wani kuma yana tafe wanda ba a san sunansa ba tukuna. Kullum kasuwa takan riga doka isa, gama kafin a zauna a rubuta hani, an sāke wa abin kama da suna. Ana bin gwamnati bashin doka mai adalci: ta tsare yaro ba sassauci, ta ba ɗan kasuwa wa'adi, ta auna babba da ƙarami da mudu ɗaya, ta buɗe wa mashayi ƙofar magani. Jama'a suna da iko su nemi wannan a wurinta, su kuma bi dokar in ta fito.

Amma itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaro kuwa ba zai tsaya da girma yana jiran majalisa ta gama zama ba. Yau da yamma wani ɗan makaranta zai tsaya a gaban wani tebur a Garwa da kuɗin karin kumallonsa da ya ɓoye. Ba minista a wurin, ba jandarma. Mutumin da ya san sunan ubansa ne kaɗai yake wurin, kuma shi zai yanke ko ya karɓi kuɗin, ko ya mai da yaron gida.